Mutum-mutumin Gonar Doya

(Kiɗan buɗe shiri)

Mutanen Kafanchan da Kagoro, na Kwoi da Nok, na Zonkwa da Kachia da Kagarko, da duk wanda muryar nan ta iske a gona ko a shago ko a kan babur, sannunku da aiki. Hirarmu ta yau za ta faro ne daga abin da ke ɗaure a hannun wasunku, ta gangara har ƙarƙashin ƙasar da kuke nomawa.

In akwai tsohon agogon Seiko a gidanku, irin wanda ba ya shan batir, wanda iyayenmu ma'aikatan reluwe da malaman makaranta suka yi yayinsa, a ɗauko shi a juya bayansa. Za a ga wasu lambobi guda shida a jere. Ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma wata take nunawa. Misali, in ka ga 7 ce a gaba, 3 na biye da ita, to a watan Maris aka yi shi, a shekarar da ta ƙare da bakwai, ko 1977, ko 1987, ko 1997. Wacce ce a cikinsu? Sai ka duba lambar injin, ita ma tana nan a bayan, domin kowane samfurin inji yana da zamanin da aka yi ana ƙera shi.

Mai shago ba zai gaya maka wannan ba. Masu sha'awar tara tsofaffin agoguna ne suka baza shi a duniya. Wannan ya kawo lambar nasa tare da rasiɗin da mahaifinsa ya saya da shi, wancan ya kawo tasa, wani tsohon mai gyara ya ce shi dai bai taɓa ganin injin kaza da fuska iri kaza ba, a haka aka yi ta harhaɗawa har abin ya zama sani na kowa. Kuma dole ce ta sa su. Kasuwar tsofaffin agoguna cike take da jabu, mafi haɗari kuwa shi ne ɗan haɗe-haɗe: kwanso gangariya, fuska sabuwar bugawa, inji an ciro daga wani agogon dabam. Mutum ɗaya shi kaɗai, komai wayonsa, wata rana sai an yi masa sakiyar da ba ruwa. Amma in mutum dubu suna gaya wa juna abin da suka gani, mai jabu sai ya nemi wata sana'ar.

Sanin nan kuma kuɗi ne. A watan Oktoba na 2017, a birnin New York na Amurka, an yi gwanjon wani agogon Rolex da ɗan wasan fim Paul Newman ya yi shekaru yana ɗaurawa. Na ƙarfe ne, ko zinariya babu a jikinsa, amma sama da dala miliyan 17 aka saye shi. Akwai 'yan'uwansa da aka ƙera tare, ba su ko kama ƙafar wannan farashi. Abin da ya ɗaga shi, an san matarsa ce ta ba shi, an san rubutun da ta sa aka zana masa a baya, ga hotunansa da shi a hannu, kuma an san hannun da ya koma bayan ya bar nasa. Labarin bai yanke ko'ina ba.

Mu kuwa a nan, ɗabi'armu ta sana'a ta ɗan sha bamban. Na taɓa kai agogo wurin wani dattijo mai gyara a kasuwa. Da ya zo kan ainihin aikin sai ya juya mini baya, ya kare da kafaɗa, har yaron da ke koyo a wurinsa ya aika sayen goro. Ban ga laifinsa sosai ba, abincinsa yake tsarewa. Sai dai ranar da ya kwanta dama, abin da ya sani tare suka tafi, yaron kuma yanzu sauya batir kawai ya iya.

To ku riƙe wannan a zuci, mu tafi Nok.

A 1928, masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham da Hausawa ke kira Jaba, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu mai kama da kan biri. Baturen da ke da hannu a kamfanin, Kanar Dent Young, ya kai shi Jos, aka ajiye a ɗakin adana kaya na ma'aikatar ma'adinai. Nan ya zauna shekara goma sha biyar yana shan ƙura. Kowa ya gan shi sai ya ce abin sha'awa, ya wuce.

A wajejen 1943 kuma, a wata mahaƙar kuza da ke ƙasar Jama'a, nan kusa da mu, wani akawu ya tsinci wani kan, wannan karon na mutum. Bawan Allah bai ga abin da zai yi da shi ba face ya kai gonarsa ta doya, ya kafa shi don ya tsorata ɓarayin gona. Shekara guda kan nan ya yi yana gadi. Kun san a Hausa abin da ake kafawa a gona don korar tsuntsu da biri mutum-mutumi ne, siffar da ake ajiyewa a gidan tarihi ita ma mutum-mutumi ce. To Kan Jama'a, kamar yadda masana ke kiransa yau, ya riƙe muƙaman biyu. Kaza ce ta kwana a kan dami, kuma kada wanda ya yi wa akawun dariya. Wa ya taɓa gaya masa?

Manajan mahaƙar ne ya gani, ya karɓa, ya kai Jos, ya nuna wa wani matashin jami'in mulki mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanci ilimin tono kayan tarihi a jami'ar Cambridge ta Ingila. Fagg ya duba, sai ya tuna da kan birin nan na 1928. Ya jera su. Yumɓu iri ɗaya, gashi iri ɗaya, salon aiki iri ɗaya, alhali wuraren da aka same su da 'yar tazara. Daga wannan jerawa ta abu biyu aka gane cewa wata al'umma guda ce ta yi su.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya fi burge ni. Bai kulle bakinsa ba. Ya bi mahaƙun kuza yana nuna wa manajoji da leburori irin abin da yake nema, yana roƙon duk wanda shebur ɗinsa ya ci karo da irinsa ya keɓe, kada ya fasa. Leburorin nan sun daɗe suna tono irin waɗannan kawuna suna jefarwa cikin tarkace. Da aka gaya musu, sai kaya suka fara fitowa, har Fagg ya tara kusan guda 200. Ya sa wa al'ummar sunan ƙauyen da aka fara samu, wato Nok, domin masu aikin ba su bar rubutu ba balle a san yadda suke kiran kansu. A 1952 ya buɗe gidan tarihi na Jos. A littattafai sunan Fagg ake gani, kuma ya cancanta. Amma idanun da suka tsinto kayan nan daga cikin laka na leburori ne, 'yan ƙasar nan da baƙin da suka zo cin rani, waɗanda ba a rubuta sunayensu ba.

Wanda bai taɓa ganin aikin Nok ba, bari in ɗan kwatanta masa. Ido mai kusurwa uku, ƙwayar idon a huje. Hanci da baki da kunne su ma sau da yawa a huje. Kai ya fi ƙarfin jiki girma. Kitso kala-kala wanda ko mai kitson yau sai ta tsaya ta duba, ga tsakiya jibge a wuya da hannu da ƙugu. Cikinsu fanko ne, domin ginin tukunya aka yi musu, ana naɗa yumɓu ana ɗorawa, sannan aka gasa. An same su daga Kagara a Jihar Neja har Katsina-Ala a Jihar Binuwai. A shekarun 1960 kuma Fagg ya yi tono a Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, ya sami murhunan narka tama da suka haura shekara 2000 tare da irin waɗannan siffofi. Ashe maƙera ne kuma.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, da a nan labarin ya tsaya da na ce a tafa. Sai dai sani in ya fita ba ya zaɓen kunne. Yadda masana suka ji labarin Nok, haka dillalan kayan tarihi na Turai suka ji, kuma su farashi suka fara tambaya. Zuwa shekarun 1990 tono ya zama ruwan dare a wannan yanki. Manya da yawa da ke saurarona sun ga lokacin da idonsu: matasa su bar gona su shiga daji da diga da shebur, a yi rami nan a yi rami can, dillali na zaune a gari yana jira. Kaya su bi ta Kwatano ko Lome, su ɓulla a Brussels da Paris.

A cikin wannan ciniki wa ya san me? Dillali ya san abin da attajirin Turai zai biya. Attajiri ya san abin da zai samu in ya sake sayarwa. Wanda ya yi gumi a cikin rami shi ne kaɗai bai san komai ba, sai abin da aka miƙa masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu tara agogo sun tsira ne saboda mai saye da mai sayarwa duk suna jin labari ɗaya. A kasuwar Nok kuwa an bar mai ƙasa a duhu da gangan, domin duhun nasa shi ne ribar.

Abin ya kai har manyan gidaje. A shekarar 2000, aka baje wasu siffofin Nok a gidan tarihi na Louvre da ke Paris, waɗanda gwamnatin Faransa ta saya daga hannun wani dillali, alhali dokar Najeriya ta hana fitar da su. Aka yi ta cece-kuce. A 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25. A shekarar 2000 ɗin dai, majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya, Nok na ciki, tare da irin na Sakkwato da Katsina, da na Bura a Jamhuriyar Nijar.

Kuma kun tuna agogo ɗan haɗe-haɗe? To shi ma Nok ya samu nasa. Akwai gwajin da ake yi wa gasasshen yumɓu, a ɗan ƙwaƙulo gari daga jikinsa, a auna tsawon lokacin da ya yi rabonsa da wuta. Da masu jabu suka gane haka, sai suka koma tara gutsattsarin tsofaffin siffofi, hannun wannan, ƙafar wancan, su liƙe da danƙo su cike giɓi da sabon yumɓu. In mai gwaji ya ƙwaƙula daga tsohon ɓangare, sakamako ya ce shekara dubu biyu. Sai da aka koma saka su a na'urar ɗaukar hoton ciki irin ta asibiti kafin asiri ya riƙa tonuwa. Attajirin da ya saya a ɓoye, wa zai kai wa ƙara?

Ga inda nake so ku kasa kunne sosai. Agogo yana ɗauke da lambarsa a bayansa. Ko a Kano ka saye shi, ko a Tokyo, lambar na nan. Kan Nok ba shi da lamba a jikinsa, tasa tana cikin ƙasar da yake kwance: gawayin da ke gefensa, tsingaron tukunyar da ke ƙarƙashinsa, ƙonanniyar ƙwayar hatsi, yadda duwatsu suke jere, zurfin da yake. Daga gawayi da ƙwayar hatsi ake auna shekaru. Ranar da aka fizge kan aka watsar da ƙasar, an goge lambar ke nan, kuma babu masanin da zai iya mayar da ita.

Ku dubi abin da aka samu daga wannan tarkacen da 'yan tono ke zubarwa. Daga 2005, masana daga jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, suka fara aiki a yankin nan tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, da jami'ar Jos, da jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Sansaninsu yana Janjala a ƙaramar hukumar Kagarko. Mafi yawan wuraren da suka je sun tarar an riga an yi musu kaca-kaca. Duk da haka, daga abin da ya saura suka gano cewa mutanen Nok sun zauna a ƙasar nan tun kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa Almasihu, wato shekara 3500 da suka wuce, kuma sai da suka yi ƙarnoni kafin su fara gina siffofin. Sun gano gero suke nomawa da wake, suna cin atili, wannan atilin dai da ake sayar mana a tasha. Sun lura kusan duk siffofin a farfashe aka binne su, sau da yawa kusa da wasu jerin duwatsu da tukwane da tsakiya da ake kyautata zaton kaburbura ne, ko da yake ƙasar yankin tana cinye ƙashi. Har siffar kwalekwale da mutum biyu suna tuƙi sun tono.

Wanda ya fi ba ni daɗi shi ne na 2021. Masu bincike na jami'ar Bristol a Ingila suka ɗauki tsingaro sama da 450 daga wuraren Nok, suka binciki maiƙon da ya shige jikin yumɓun, sai ga alamar kakin zuma a jikin wasu daga cikinsu. Mutanen da suka riga mu zama a kan tuddan nan suna ɗibar zuma shekara 3500 baya. Wane dillali ne zai ba ka ko naira biyar a kan tsingaro? Amma shi ya ba da wannan labari.

Su wa suka kai Jamusawan nan wuraren? Mutanen ƙauyuka. Manomi ya san kunyar da garmarsa ke karo da tsingaro, maharbi ya san tudun da ruwa ke wanko duwatsun niƙa. Ba don su ba, da masanan sun yi ta yawo a daji.

Ina da ƙorafi a nan, kuma ba zan ɓoye shi ba. Sanin nan ya fita daga ƙauyukanmu, amma kaɗan ne ya dawo. A 2013 aka yi babban baje kolin abin da aka tono a birnin Frankfurt, har wasu masanan Najeriya suka yi tsaye suna tambayar dalilin da za a fara nuna wa baƙi kafin 'yan gida. An dawo da kayan, gaskiya ne. Amma littattafan da aka rubuta, da Turanci suke da Jamusanci, masu tsada, a ɗakunan karatu na jami'o'i. Matar da ke noman citta a kan tudun da aka yi tonon, da wane harshe za ta ji cewa a gonarta aka sami shaidar zuma? Ɗalibi a Kwoi yana haddace kalmar Nok don jarrabawa, kamar wani gari ne a bayan teku, alhali in ya hau babur kafin shayinsa ya huce ya isa. A watan Fabrairun 2017 kuma 'yan bindiga suka sace Breunig da wani abokin aikinsa a Janjala, suka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu don ceto su. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma aikin tono ya tsaya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tun daga nan nauyin ya dawo wuyanmu, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Na san abin da wani zai ce: malam, yunwa fa? Na sani. Wanda annobar 2023 ta cinye masa gonar citta, in dillali ya zo masa da kuɗi a hannu, wa'azin tarihi ba zai cika masa tukunya ba. Ba na zagin kowa. Abin da nake cewa, a ƙalla ya san me yake sayarwa, ya kuma san cewa dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su ba izini. In an kama, dillali yana da lauya, mai diga kuwa ba shi da kowa. Kan kuma sau ɗaya ake sayar da shi, daga nan sai ramin da zai karya ƙafar saniya.

Saboda haka, in kana noma ko haƙar tubali ka ci karo da siffar yumɓu, dakata. Kada ka ciro, kada ka wanke, kada ka ce za ka liƙe abin da ya fashe. Ɗauki hotonsa da waya yadda yake kwance, ka rufe da ƙasa kaɗan, ka sa alama. Ka gaya wa mai unguwa ko dagaci, a sanar da ma'aikatan gidan tarihi na Nok, ko na Kaduna, ko na Jos. In sun zo, kada ka tsaya daga nesa kamar baƙo. Gonarka ce. Tambaye su me suke gani, me ya sa suke tankaɗe ƙasa, me gawayin zai nuna, kuma ka nemi a dawo a gaya maka sakamako da harshen da kake ji.

Ku kuma ma'aikatan gidan tarihi da malaman jami'a, in manomi ya kira ku, ku je. In ya kira sau ɗaya ba a zo ba, karo na biyu dillali zai kira.

Iyayenmu da suka yi tono a shekarun baya, ba mai kama ku don kun ba da labari a cikin gida. Kun san tuddan da aka samu, kun san yadda abubuwan suke kwance kafin a ɗaga su, kun ga siffofin da yanzu suke ɗakunan da ɗan Najeriya ba zai taɓa shiga ba. Wannan sani babu shi a kowane littafi. Ku zaunar da jikokinku ku faɗa musu, da Hyam ko da Hausa ko da harshen da kuka fi sakewa, su ɗauka a waya. Malaman makaranta, kafin zangon nan ya ƙare ku kai yara Nok su gani da idonsu. Masu shirya bikin Tuk Ham a Kwoi, ku ware ko da awa guda ce, a zaunar da masani da dattijo a gaban jama'a, kowa ya faɗi abin da ya sani, a yi musu tambayoyi.

Wanda kuma ya juya bayan agogon mahaifinsa ɗazu ya gano shekararsa, kada ya bar wa cikinsa. Ya nuna wa maƙwabcinsa yadda ake dubawa.

 

(Kiɗan rufe shiri)